Da Kaka Ko Da Sanyi? Bin Sawun Lokacin Haihuwar Almasihu A Littafi Mai Tsarki

Duk shekara, da zarar hunturu ya kama, teloli suka fara kwana a kan keke saboda ɗinkin Kirsimeti, sai tsohuwar gardamar nan ta taso: shin da gaske ranar 25 ga Disamba aka haifi Yesu Almasihu? Wani ya ce haka muka tarar iyaye da kakanni suna yi, wani ya ce Littafi Mai Tsarki da kansa ya nuna a watan Satumba aka haife shi. Na sha jin ɓangarorin biyu suna magana da tabbacin da ya fi ƙarfin hujjar da ke hannunsu. Ni kuwa maganar tana da nauyi a wurina, domin wanda ake gardamar a kansa shi ne wanda na ba da gaskiya gare shi, kuma ba na so a jingina wa Littafi abin da bai faɗa ba, ko da abin yana da daɗin ji.

Babu aya ko ɗaya da ta faɗi rana ko watan haihuwar. Markus ya buɗe bishararsa da Yesu yana babban mutum a bakin Kogin Urdun. Yohanna ya faro tun daga fil azal. Bulus, a wasiƙarsa ga Galatiyawa, iyakar abin da ya ce shi ne Allah ya aiko Ɗansa da lokaci ya cika. Matiyu da Luka ne kaɗai suka ba da labarin haihuwar. Luka kuwa mutum ne mai son kafa magana a kan tarihi. Da zai faɗi lokacin da Yahaya Maibaftisma ya fara wa'azi, sai da ya ce shekara ta 15 ce ta mulkin Kaisar Tibariyas, ya jero sunayen Bilatus da Hirudus da Filibus da manyan firistoci. Amma da ya zo kan haihuwar, bai ambaci wata ba. A gwada wannan da labarin mutuwar Almasihu, inda bisharu huɗun duka suka ɗaure ta da Idin Ƙetarewa, suka kuma nuna cewa jajibirin Asabar ce. Ranar da masu bi na farko suka riƙe da hannu biyu ita ce ta gicciye da ta tashi daga matattu. Abin da ya rage mana game da haihuwar alamu ne, irin sawun da mai neman ɓatacciyar dabba yake sunkuyawa ya duba a ƙasa.

Sawun da kowa ya fi sani shi ne na makiyaya. Luka 2:8 ta ce a wannan yanki akwai makiyaya suna kwana a fili, suna tsaron garkensu da dare. Kafin Bahaushe ya auna wannan aya, sai ya ajiye yanayin ƙasarsa gefe guda. A wurinmu ruwa da sanyi ba sa haɗa hanya: damina ta ɗauke, kaka ta shigo, sannan ɗari ya zo a bushe, makiyayi ya hura wuta ya kwana kusa da dabbobinsa ba abin da ya dame shi sai iska. A ƙasar Yahudiya abin a juye yake. Lokacin sanyinsu shi ne daminarsu. Ruwan fari yakan sauka a ƙarshen Oktoba ko cikin Nuwamba, ya yi ƙarfi daga Disamba zuwa Fabrairu, ya ɗauke wajen Afrilu, daga nan kuma sai rani tsantsa. Baitalami tana kan tudu, tsayinta daga teku ya haura mita 750, saboda haka dare yakan yi sanyi ƙwarai, wata shekarar har dusar ƙanƙara ta zuba.

Littafi Mai Tsarki ya san wannan yanayi. A Ezra sura 10 an tara jama'a a filin Haikali ranar 20 ga wata na tara, wanda yakan faɗo tsakanin Nuwamba da Disamba, suna ta rawar ɗari saboda ruwan sama, har suka roƙa a sallame su don ba za su iya tsayuwa a waje ba. A Irmiya 36 mun ga sarki Yehoyakim a cikin wannan wata na tara yana zaune a gidansa na lokacin sanyi, da kaskon wuta a gabansa. Masu cewa ba a Disamba aka haifi Yesu ba, a nan suke kafa ƙafarsu. Idan mutanen gari sun kasa tsayuwar wuni ɗaya a fili, yaya makiyayi zai kwana a can da tumaki? Suna kuma da goyon baya daga Talmud, littafin malaman Yahudawa, inda aka ambaci garkunan da ake fita da su jeji a lokacin Idin Ƙetarewa, a dawo da su gida idan ruwan fari ya sauka.

Akwai wani ƙarin da nake ganin yana da ma'ana, kuma duk wanda ya taso a ƙauye zai gane shi nan take. Baitalami garin noma ne, a gonakinta Rut ta yi kalar sha'ir da alkama. Ana girbe sha'ir wajen Afrilu, alkama kuma Mayu zuwa Yuni. Idan an kwashe amfani, sai a bar dabbobi su shiga su ci abin da ya saura, su bar taki, kamar dai yadda manomi a wurinmu yake barin Bafulatani ya sauka a gonarsa bayan kaka. Da ruwan fari ya sauka aka yi shuka, ba mai barin tunkiya ta taka masa gona. Idan har filin da Luka yake nufi gonakin bakin gari ne, to tsakanin Yuni da Oktoba ya fi dacewa.

Sai dai wannan sawu bai kai mu har ƙofar gida ba. A wurin nan na Talmud da aka ambaci dawo da garke idan ruwa ya sauka, wani babban malami ya ce akwai garkunan da ba sa shiga gari sam, rani da damina. Yakubu, da yake tuna wa Laban wahalar shekara 20 da ya sha a gidansa, ya ce zafi ya ci shi da rana, matsanancin sanyi da dare, barci ya gagare shi. Wato kwana a waje cikin sanyi ba baƙon abu ba ne ga makiyayin wancan zamani. Ga kuma bukatar Haikali, wanda bai fi kilomita 10 daga Baitalami ba: Shari'ar Musa ta umarta a miƙa 'yan raguna biyu kowace rana, ɗaya da safe ɗaya da maraice, babu hutun damina. Mishna, tarin dokokin malaman Yahudawa da aka tattara wajen shekara ta 200 Miladiyya, ta yi maganar dabbobin da ake tsinta tsakanin Urushalima da Migdal Eder, wato Hasumiyar Garke, kusa da Baitalami, har da waɗanda ake tsinta kwana 30 kafin Idin Ƙetarewa, lokacin da ruwa bai ɗauke ba. Sannan ciyawa a ƙasar da ruwan sanyi take tsirowa, gabas da Baitalami kuma ƙasa tana gangarewa zuwa jejin Yahudiya, inda ruwa bai da yawa, ga koguna a jikin duwatsu da makiyayi zai fake. Ayar makiyaya ta karkata zuwa lokacin da babu ruwa, amma ba ta rufe ƙofa ga Disamba ba.

Sawu na biyu ya fi wuyar bi, shi ne kuma wanda masu lissafi suka fi ƙauna. Luka ya ce Zakariya, mahaifin Yahaya Maibaftisma, firist ne daga ƙungiyar Abiya. A 1 Tarihi sura 24, Dawuda ya raba zuriyar Haruna ƙungiya 24, ta Abiya ce ta takwas. Kowace ƙungiya takan yi mako guda tana hidima, daga Asabar zuwa Asabar, kamar yadda Yusufus, marubucin tarihin Yahudawa, ya tabbatar. Kowace tana samun zagaye biyu a shekara, makonni 48 ke nan, a manyan idodi uku kuwa dukansu suke taruwa. Zakariya yana cikin makonsa ne ƙuri'a ta faɗa masa ya shiga ƙona turare, mala'ika Jibra'ilu ya bayyana masa. Da ya gama kwanakin hidimarsa ya koma gida, Alisabatu ta yi ciki. A wata na shida na cikinta aka aiki Jibra'ilu wurin Maryamu a Nazarat. To, idan an san makon Zakariya, sai a ƙara wata shida, a ƙara wata tara, a iso Baitalami.

Ga yadda masu Satumba suke yi. Shekarar ibada ta Yahudawa tana farawa da watan Nisan, tsakanin Maris da Afrilu. Idan ƙungiya ta fari ta kama aiki a makon farko na Nisan, aka tsallake makon Idin Ƙetarewa da kowa yake ciki, ƙungiyar Abiya za ta faɗo a ƙarshen Mayu ko cikin Yuni. Alisabatu ta yi ciki a ƙarshen Yuni, Maryamu a Disamba, haihuwa a Satumba ko farkon Oktoba, daidai lokacin Idin Bukkoki. Wannan lissafi yana da kyan da yake jan zuciya. Yohanna 1:14 ta ce Kalman ya zama mutum ya zauna a cikinmu, kalmar Helenanci da aka fassara da "zauna" kuwa asalinta kafa tanti ne ko bukka. A ce an haifi Almasihu a makon da Isra'ilawa suke barin ɗakunansu su kwana a bukkoki, abu ne da mai wa'azi zai so ya zama gaskiya. Ni ma ina cikin masu so.

Amma lissafin yana tsaye ne a kan duwatsun da ba su kafu ba. Luka bai ce zagaye na fari ne ko na biyu ba. Idan na biyu ne, Zakariya yana Haikali wajen ƙarshen Nuwamba ko Disamba, haihuwar Yesu kuma ta koma wajen Maris, lokacin da ƙasar take kore shar, ana shirin Idin Ƙetarewa. Sannan babu wurin da Littafi ya ce kowace shekara ana sake faro jerin daga Nisan. Wasu masana suna ganin zagayen tafiya yake yi ba tsayawa, kamar yadda kwanakin mako ba sa jiran sabuwar shekara. Su sai suka kama wani bakin zaren. Talmud ta ce ranar da Romawa suka rushe Haikali, 9 ga watan Ab a shekara ta 70 Miladiyya, ƙungiyar Yehoyarib ce, ta fari, take kan aiki. Da suka yi ta ƙirgawa baya mako bayan mako, sai suka sami ƙungiyar Abiya a farkon Oktoba na shekara ta 6 kafin Miladiyya. Ƙara wata 15 a kai, ka faɗo ƙarshen Disamba ko farkon Janairu. Aya ɗaya ce, ta haifi amsa uku. Ga watan da ake ƙarawa a shekarar Yahudawa duk bayan shekara biyu ko uku don wata ya daidaita da rana, ga kuma furucin Luka cewa Alisabatu ta yi ciki "bayan kwanakin nan", wanda zai iya zama mako guda, zai iya zama wata biyu. Kowane ɗaya daga cikinsu ya isa ya gusar da amsar.

Sawu na uku ƙidaya ce. Kaisar Augustas ya ba da umarni a rubuta mutane, Yusufu ya tashi daga Nazarat zuwa garin kakansa Dawuda tare da Maryamu. Tafiya ce ta wajen kilomita 140 idan an bi kwarin Urdun, ƙarshenta kuma hawa ne mai tsanani daga Yariko, wadda take ƙasa da teku da kimanin mita 250, zuwa tuddan Yahudiya. Hankali yana ba da cewa mai mulkin da yake son mutane su fito a rubuta su don haraji ba zai zaɓi tsakiyar ruwa da taɓo ba, ba kuma zai zaɓi lokacin girbi ba. Bayan an kai amfani rumbu, hanya ta bushe, shi ne lokacin da ya dace. Yesu da kansa, a Matiyu 24:20, ya ce wa almajiransa su yi addu'a kada gudunsu ya faɗo a lokacin sanyi. Wannan hujja ina ba ta nauyi, ko da yake ƙidayar wancan zamani ba ta kwana ɗaya ba ce, takan ja watanni. Luka kuma bai ce a daren isowarsu Maryamu ta haihu ba, yadda yara suke nunawa a wasan Kirsimeti. Cewa ya yi suna can sai kwanakinta suka cika.

Tauraron masanan gabas ba ya taimaka mana da wata. An yi ta danganta shi da haɗuwar taurarin Mushtari da Zuhal, wadda ta faru sau uku a shekara ta 7 kafin Miladiyya. Amma Matiyu ya ce a gida masanan suka sami yaron, Hirudus kuma ya sa a kashe yara daga shekara biyu zuwa ƙasa bisa lokacin da suka gaya masa, alamar an ɗan jima da haihuwar. Amfanin labarin ga mai neman tarihi shi ne shekara. Wannan Hirudus, wato Hirudus Babba, ya mutu a shekara ta 4 kafin Miladiyya bisa lissafin yawancin masana, don haka haihuwar ta riga wannan. Wanda ya tsara ƙirgan Miladiyya a shekara ta 525, wani malamin zuhudu mai suna Diyonisiyus, ya yi kuskuren 'yan shekaru.

Maƙwabtanmu Musulmi sukan kawo nasu sawun idan wannan hira ta taso, ya kuma cancanci a saurare shi. A Suratu Maryam an ce mata ta girgiza kututturen dabino, nunannen ɗanyen dabino ya zubo mata. Dabino a wancan yanki daga ƙarshen rani zuwa kaka yake nuna, ko da yake wasu malaman tafsiri sun ɗauki abin a matsayin mu'ujiza, itacen ya ba da 'ya'ya ba a lokacinsa ba.

Idan aka ce in faɗi inda ma'aunina ya rinjaya, zan ce watannin da babu ruwa, musamman Satumba zuwa Oktoba. Makiyaya a gonakin da aka girbe, hanya busasshiya, da lissafin Abiya mafi sauƙi, duk sun haɗu a can. Amma rinjaye ne kawai. Mai tsayawa a gaban ikilisiya ya ce Littafi Mai Tsarki ya tabbatar da Satumba, ya faɗi abin da ya wuce nassi, daidai da wanda ya ce nassi ya faɗi 25 ga Disamba.

To daga ina ranar ta fito? Ƙarni biyu na farko masu bi ba su yi bikin haihuwar ba. Orijin, babban malamin Iskandariya, har cewa ya yi a cikin Littafi masu zunubi irin su Fir'auna da Hirudus ne aka gani suna bikin ranar haihuwarsu. Wajen shekara ta 200, Kilemen na Iskandariya ya rubuta cewa akwai masu cewa 20 ga Mayu, akwai masu cewa 19 ko 20 ga Afrilu. Tabbatacciyar shaida mafi tsufa ta bikin 25 ga Disamba tana cikin wata kalanda da aka rubuta a Roma a shekara ta 354, jerin ranakun da ke cikinta kuwa ya koma zuwa 336.

Bayanin da ya fi yawo a bakin mutane shi ne ikilisiya ta ɗauki ranar bikin rana na arnan Roma. Akwai abin kamawa a ciki: a lissafin Romawa 25 ga Disamba ce ranar da yini yake fara tsawo, sarki Awreliyan ya ɗaukaka bautar rana a shekara ta 274, wannan kalanda ta 354 ma ta ambaci bikin rana a 25 ga Disamba. Amma akwai wani bayanin da ba a cika faɗa ba, ni kuwa ina ganin ya fi kusa da yadda mutanen nan suke tunani. Tun wajen shekara ta 200, Tartuliyan a Kartaj, ƙasar Tunisiya ta yau, ya rubuta cewa ranar 25 ga Maris aka gicciye Almasihu. Daga baya ra'ayi ya kafu cewa ranar da ya mutu ita ce ranar da aka ɗauki cikinsa. Agustin na Hippo ya faɗi haka ƙarara: an ɗauki cikinsa 25 ga Maris, ranar da ya sha azaba, aka haife shi 25 ga Disamba. A gabas, inda wasu suka ɗauki 6 ga Afrilu, wata tara ya kai su 6 ga Janairu. Ashe daga gicciye aka ƙirgo zuwa komin dabbobi. Agustin ya kuma lura cewa ranar tunawa da haihuwar Yahaya, 24 ga Yuni, daga ita yini yake fara raguwa, daga ta Yesu kuma yake fara ƙaruwa, sai ya haɗa wannan da maganar Yahaya cewa lalle shi ya ƙaru, ni in ragu.

Wanda ya yi ƙoƙarin kafa ranar a kan nassi shi ne Yohanna Kirisostom, a wa'azinsa a Antakiya wajen shekara ta 386, inda ya ce bikin bai kai shekara 10 da isowa garin ba. Shi ma da Zakariya ya fara. Ya ɗauka a Ranar Kafara ne, wajen ƙarshen Satumba, Zakariya ya shiga Wuri Mafi Tsarki, sai lissafinsa ya kai shi Maris, daga nan Disamba. Matsalar ita ce babban firist kaɗai yake shiga Wuri Mafi Tsarki, sau ɗaya a shekara, Luka kuwa ya nuna Zakariya firist ne kamar sauran, ƙuri'a ce ta ba shi aikin turare, wanda ake yi kullum safe da maraice.

Har yau ikilisiyoyi ba su taru a rana ɗaya ba. Kibɗawan Masar da Kiristocin Habasha da na Rasha suna bikinsu ranar 7 ga Janairu, domin ita ce ta yi daidai da 25 ga Disamba a tsohuwar kalandar Romawa, wadda yanzu take bayan wadda Paparoma Giregori ya gyara a 1582 da kwana 13. Armeniyawa sun riƙe 6 ga Janairu tun da can, suna haɗa haihuwar da baftisma. A Baitalami kanta, a Majami'ar Haihuwa da aka gina a kan kogon da ake nunawa, sau uku ake taruwa kowace shekara: Katolika a daren 24 ga Disamba, Otodoks a daren 6 ga Janairu, Armeniyawan Urushalima kuma, da suke ƙirga tasu ranar da tsohuwar kalanda, sai 18 zuwa 19 ga Janairu.